Injin Daddatsa Kara da Rassa: Yadda Yake Taimakon Ƙasa da Yadda Ake Zaɓensa

Daga ƙarshen watan Oktoba, lokacin da ruwan sama ya ɗauke a arewacin Jihar Kaduna, gonakin Hunkuyi da Kudan da Maƙarfi da Ikara sukan cika da abin da amfanin gona ya bari. Ga karan masara da na dawa a tudu, ga ganyen rake a fadama, ga tsofaffin itatuwan tumatir da na barkono. A cikin gari da harabar makarantu kuma akan sassare rassan darbejiya da mangwaro da suka yi wa rufi ko wayar lantarki barazana, a jibge su a gefe. Ba dukkan wannan ne shara ba. Kara dai dukiya ne a ƙasar Hausa: dabbobi su ci karmami, a yi danga da shi, a hura wuta a dafa tuwo. A Maƙarfi ma, raken da aka matse shi ake busarwa a dafa mazarƙwaila da shi. Amma bayan an ɗebi duk wannan, akwai ragowa mai yawa wadda ba ta da mai so, kuma makomarta ɗaya ce: a tara ta lokacin sharar gona a cinna mata wuta.

Wutar nan tana da tsada, ko da yake ba a biyan ta da kuɗi a ranar. Idan kara ya ƙone, sinadarin kabon da ke cikinsa da mafi yawan nitrojin sukan bi hayaƙi su tafi. Abin da ya rage a toka, wato fotash da 'yan wasu ma'adinai, iskar bazara takan kwashi rabonta kafin ruwan farko. Alhali kuwa ƙasar wannan yanki tana cikin masu ƙarancin ruɓaɓɓen abu. A gonaki da yawa kabon da ke cikin ƙasar sama bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. A Samaru, inda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello take, akwai filayen gwaji da aka fara tun 1950 don kwatanta kashin shanu da takin zamani. Darasin da aka samu daga shekarun farko har zuwa na baya bai sauya ba: gonar da ake nomawa kullum da takin zamani kaɗai ƙasarta takan yi tsami ta gaji, wadda kuma ake haɗa mata da takin gargajiya ta fi riƙe ƙarfinta.

To, a nan ne batun wani ɗan inji ya shigo. A ƙasashen Turai masu lambu a bayan gida sun daɗe suna amfani da ƙaramin inji mai aiki da lantarki, wanda ake zura masa reshe ta sama ya fito da shi gutsi-gutsi ta ƙasa. Irinsa sun fara shigowa Nijeriya, sababbi da na gwanjo. Tambayar da ta dace malamin aikin gona ko mai lambu a Hunkuyi ya yi kafin ya zuba kuɗinsa ita ce: mene ne ainihin aikin injin, kuma shin ya dace da irin sharar da wutar da ake da su a nan?

Me ya sa kara ba ya ruɓewa da wuri?

Injin ba ya yin taki. Masu yin taki su ne ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma, wato bakteriya da dangogin funfuna, tare da manyan mataimakansu irin su gara da tana. Waɗannan ƙananan halittu ba su da baki ko haƙori. Wani ruwa suke fitarwa mai narkar da abinci a wajen jikinsu, sannan su tsotse abin da ya narke. Saboda haka ba sa iya cin komai sai daga inda jikinsu ya taɓa.

Shi kuwa kara, an halitta shi ne don ya tsare kansa. Ɓawonsa yana da tauri da santsi, ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi. Abin da ya ba shi wannan tauri shi ne wani sinadari da ake kira liginin, wanda ya lulluɓe zaren selulos kamar yadda siminti yake lulluɓe rodi. Halittu kaɗan ne suke iya farfasa liginin, mafi shahara a cikinsu su ne wasu dangogin funfuna masu barin itace ya yi fari ya yi laushi. Amma a cikin karan akwai totuwa mai taushi mai shan ruwa, wadda ƙofarta biyu ce tak, ta gindi da ta sama.

Ga lissafi mai sauƙi wanda ɗalibin aji ɗaya zai iya yi. A ɗauki kara mai tsawon mita 2. Bakinsa biyu ne. A daddatsa shi santimita biyu-biyu, zai ba da gutsattsari 100, kowane da baki biyu, wato baki 200. Ƙofofin shiga sun ninku sau ɗari ke nan, tun ba a lissafa tsagewar da ɓawon zai yi ba. Aikin injin ke nan, ba wani abu ba. Abin da haƙori yake yi wa tuwo kafin ya isa ciki, shi injin yake yi wa kara kafin ya isa ƙasa. Adda ma tana yin wannan aiki, sai dai hannu yakan gaji tun tulin bai ragu ba.

Akwai kuma wata fa'ida da ta shafi ƙwari. Tsutsar nan mai huda karan dawa da masara, wadda masana suke kira Busseola fusca, ba ta mutuwa idan damina ta wuce. Takan kwanta a cikin busasshen kara ta yi dogon barci har rani ya ƙare, idan ruwa ya sauka ta rikiɗa ta zama malam-buɗe-littafin dare, ta yi ƙwai a kan sabuwar shuka. Binciken da aka yi a Samaru tun cikin shekarun 1960 ya nuna cewa karan da aka jingine a inuwa don danga ko makamashi shi ne mafakarta. Karan da aka daddatsa ba ya ɓoye tsutsa. Wadda wuƙa ba ta same ta ba, rana da tururuwa za su same ta.

Iri biyu ne a kasuwa

Ƙananan injinan lantarki galibi ƙarfinsu tsakanin wat 2,000 ne zuwa 3,000, kuma ba sa karɓar reshen da kaurinsa ya wuce santimita 4 zuwa 4 da rabi. A waje suna kama da juna, amma cikinsu daban.

Na farko yana da faifai mai ɗauke da wuƙaƙe biyu, yana juyawa da gudun tsiya, sau dubbai a minti guda. Sara yake yi, kuma gutsattsarinsa ƙanana ne. Ba shi da nauyi, ya fi araha, ya kuma fi dacewa da abu mai taushi kamar karan masara da rassan zogale da ɗanyen ganye. Aibinsa shi ne ƙara mai toshe kunne, da kuma saurin dakushewar wuƙa. Na biyu yana da wani ƙarfe mai haƙora kamar gargare, yana juyawa a hankali, ya kama reshe ya ja shi da kansa, ya matse shi jikin wani faranti ya yanke. Ba shi da ƙara sosai, kuma shi ne gwanin rassan itace irin na darbejiya da gwaba. Sai dai idan aka cika shi da jiƙaƙƙen ganye yakan cushe, wani lokacin ma ya fito da kara a murƙushe amma a haɗe kamar sarƙa.

Wanda mafi yawan shararsa kara ne, na farko ya fi masa. Makarantar da itatuwa suka yi mata yawa kuwa, na biyu. Ga mai saye a Hunkuyi, abin da ya fi sunan kamfani muhimmanci shi ne wuƙa: ana iya kwance ta? Ana iya juya ta a yi amfani da ɗaya bakin? Akwai wata a Sabon Garin Zariya ko Kano idan ta ƙare? Injin da ba a samun wuƙarsa, ranar da ta dakushe ya zama kayan ado. Kuma za ta dakushe da wuri a nan, domin kara na zuwa da ƙura da yashi, busasshen reshen darbejiya kuwa ya fi ɗanye tauri nesa ba kusa ba.

Dole kuma a faɗi gaskiya game da girman aikin. Wannan inji na lambu ne, ba na gona ba. Idan an shuka masara da tazarar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, da 25 tsakanin shuka da shuka, hekta guda za ta ɗauki tsiro wajen 53,000. A ƙaddara kowane kara zai ci daƙiƙa 5 a bakin inji. Aikin zai kai awa 73 da ɗoriya, ba hutu, ba ɗauke wuta. Manomi mai hekta biyu ko uku babban inji mai aiki da fetur ko dizal yake bukata, irin wanda ƙungiyar manoma za ta haɗa kuɗi ta saya. Ƙaramin kuwa wurinsa shi ne lambun makaranta, da gidan da ke da 'yan itatuwa, da wurin renon dashe.

Maganar wuta

Nan ne gizo yake saƙar. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, saboda haka injin gwanjo da aka yi don Amurka, inda ake amfani da bolt 120, ba zai yi ba. A karanta ɗan farantin da ke jikinsa kafin a yi ciniki. Inji mai wat 2,500 yana jan kusan amfiya 11, wato ya kusa cika iyakar soket ɗin gida mai amfiya 13. A lokacin tashi kuma yakan ja fiye da haka na ɗan lokaci. Ma'anar wannan ita ce ɗan janareton nan da ake kunna fitila da talabijin da shi, wanda ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba, ko motsa injin ba zai yi ba. Sai janareto wanda ƙarfinsa ya ɗara na injin sosai, kusan ninki biyu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wannan hanya ta ƙara tsada ƙwarai. Idan da wutar gari ce, awa guda ta aiki ba za ta wuce yunit biyu da rabi a mita ba.

Babban maƙiyin injin shi ne wuta marar ƙarfi, abin da mazauna ƙarshen layi suka sani sarai. Idan ƙarfin wuta ya faɗi, injin yakan yi nishi, ya ja amfiya fiye da ƙima, kwayil ya yi zafi har ya ƙone. Siririyar waya mai tsawo ita ma haka take jawowa ko da wutar gari na da ƙarfi. A nemi waya mai kauri, a warware ta duka daga kan abin naɗinta, kada kuma a ja ta nesa ba dalili. Gara a kawo rassan kusa da soket. Inji mai makunnin da ke kashe kansa idan nauyi ya yi yawa ya cancanci ƙarin kuɗinsa. Haka ma wanda ba ya tashi da kansa idan aka dawo da wuta bayan an ɗauke. Wannan siffa ta biyu a ƙasar nan ba ƙawa ba ce, domin mutum na iya zura hannu yana cire abin da ya maƙale a daidai lokacin da za a maido wutar.

Wuƙar da ta yanka reshe mai kaurin santimita 4 ba za ta yi shawara da yatsa ba. Ƙa'idar farko ita ce a zare filogi daga bango kafin a buɗe injin, ba kashe makunni kawai ba. A tura kara da sandar da ta zo da injin. A sa tabarau na kariya da abin toshe kunne da safar hannu. Babbar riga da mayafi da dogon hijabi da duk wani abu mai lilo ba su dace da wurin ba, domin reshe mai ƙaya na iya kama su ya ja. A tsaya a gefe, saboda dogon reshe yakan yi bulala yayin da ake jan sa. A karkaɗe ƙasa daga kara, a sare tushiya a ajiye, a duba ko akwai dutse ko ƙusa ko waya, musamman a tsohuwar danga. Kada a yi aiki cikin ruwan sama ko a jiƙaƙƙen wuri. A makaranta, malami ne zai riƙa zura wa injin kaya. Aikin ɗalibai shi ne tarawa da aunawa da kwashewa. Abubuwa masu dogon zare kamar karan rama da jikin ayaba da ganyen kaba sukan nannaɗe ƙarfen, a bar su ga adda.

Bayan an daddatsa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kwashi gutsattsarin a binne su cikin kunya a yi shuka nan take. Bayan 'yan makonni sai a ga masarar ta yi ɗorawa, ta tsumbure, a ce injin ya ɓata ƙasa. Dalilin yana cikin abincin ƙananan halittun nan. Suna bukatar kabon wajen kashi 24 a kan kowane kashi ɗaya na nitrojin. Su ƙona kusan 16 don samun ƙarfi, su gina jikinsu da sauran 8. Karan masara kuwa yana da kabon wajen kashi 60 a kan ɗaya na nitrojin, itace kuma ɗaruruwa. Idan abincin ya gaza nitrojin, sai su ɗebi wanda ke cikin ƙasa, wanda shuka take jira. Ba ɓacewa ya yi ba, zai dawo idan sun mutu sun ruɓe, amma kafin nan shukar ta sha wuya.

Hanyoyi biyu ne na kauce wa wannan. Ta farko ita ce a haɗa taki. A riƙa jera gutsattsarin kara hawa-hawa da abubuwa masu nitrojin, wato kashin shanu da na awaki da na kaji, da ɗanyen ganye, da ɓawon kayan miya. Wannan tsari na jerawa da juyawa Albert Howard ne ya daidaita shi a Indore ta ƙasar Indiya, ya kuma bayyana shi a rubuce a 1931, ko da yake jujin Bahaushe ya daɗe yana yin irin aikin a hankali. Tulin ya kai mita guda a tsawo da faɗi da bisa, don ya riƙe zafi. Idan haɗin ya yi daidai, cikin 'yan kwanaki zafin tsakiyarsa zai kai digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin santigiret, zafin da ke kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. Danshinsa ya zama kamar na tsumman da aka matse: a damƙa, hannu ya jiƙe, amma ruwa bai zuba ba. A juya shi duk bayan mako biyu don iska ta shiga. A wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya taɓa. Da rani a Hunkuyi abin da zai yi wuya shi ne ruwa, domin iskar hunturu takan busar da tuli cikin kwanaki kaɗan, ƙananan halittun su daina aiki. Rami a inuwa, a rufe da tsohuwar zana, ya fi tuli a sarari. Kada kuma a niƙe karan ya zama gari. Gutsattsari masu santimita 2 zuwa 5 sun fi, domin gari yakan cushe ya hana iska shiga, tulin ya yi ɗoyi.

Hanya ta biyu ita ce a shimfiɗa gutsattsarin a saman ƙasa, kaurin yatsu uku ko huɗu, a gindin itatuwa da tsakanin layukan tumatir ko barkono, ba tare da an cuɗa su da ƙasar ba. Gutsattsarin itace nan suka fi amfani. Suna rage ƙafewar ruwan ban-ruwa, su sanyaya ƙasa a zafin Maris da Afrilu, su danne ciyawa, su kuma tare ƙarfin ɗigon ruwan sama.

Mai karatu zai ce, to gara fa? Lallai za ta zo. A dajin wannan ƙasa ita ce babbar mai kwashe itace: wani bincike da aka yi a Mokwa ta Jihar Neja, wanda aka buga a 1981, ya nuna cewa gara tana cinye kimanin kashi 60 cikin ɗari na itacen da ke faɗowa ƙasa a shekara. Abin sha'awa shi ne, garar nan mai gina suri ba ita kaɗai take narkar da itacen ba. Noma take yi. Takan kai abin da ta tauna cikin suri ta shuka masa wata funfuna mai suna Termitomyces, funfunar ta farfasa shi, sannan garar ta ci. A arewacin Burkina Faso an gwada a shekarun 1990 an ga cewa idan aka shimfiɗa kara da rassa a kan faƙo, ramukan da gara take haƙawa sukan buɗe ƙasar har ruwa ya riƙa shiga, ciyawa ta dawo. Saboda haka a lambu gara ma'aikaciya ce, amma a tsare mata iyaka: a bar tazarar taƙi guda tsakanin shimfiɗar da jikin itace, kada kuma a kai ta kusa da bangon ƙasa ko rumbu ko sabon dashen rake.

Akwai abubuwan da ba su cancanci shiga injin ba ko kaɗan. Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, tsiro ɗaya nasa yana zubar da iri dubun-dubatai, masu iya zama a ƙasa fiye da shekara goma. Idan ya yi fure, wuta ce maganinsa. Haka itatuwan tumatir da cuta ta kama, ko tsutsar nan Tuta absoluta da manoma ke kira sharon, wadda ta yi wa tumatirin Jihar Kaduna mummunar ɓarna a 2016. Gefen tulin taki ba ya yin zafi kamar tsakiyarsa, kuma ba hikima ba ce a raba wa lambu cuta da sunan taki.

Gwajin da makaranta za ta iya yi

Ko makaranta ba ta da injin, adda da sikeli sun isa a gwada duk abin da aka faɗa. A sami buhunan albasa guda uku, irin masu raga. A zuba busasshen karan masara mai nauyin giram 500 a kowane. Na farko a karya karan gwargwadon yadda zai shiga buhu kawai. Na biyu a daddatsa shi santimita biyu-biyu. Na uku a daddatsa shi haka nan, amma a jiƙa shi da ruwan da aka dama kashin kaji a ciki. A binne su a rami ɗaya a inuwa, zurfin santimita 15, a riƙa ba su ruwa daidai wa daida sau biyu a mako. Bayan mako takwas a tono su, a wanke ƙasar a hankali, a shanya su bushe sarai, sannan a auna. Ɗalibai su rubuta nauyin da kowane buhu ya rasa, su kuma lura da irin halittun da suka tarar a ciki: farin zaren funfuna, da gara, da tana, da ƙananan ƙwari. Idan aji ya kasu rukuni huɗu ko biyar, kowane da buhunansa uku, za a iya fitar da matsakaicin sakamako, a kuma tattauna dalilin da ya sa ramin wani rukuni ya bambanta da na wani. Rukunin da gara ta riga kowa shiga buhunsa zai sami lissafi na daban, shi ma a rubuta shi yadda ya zo.